Na Zaɓe Ka Musamman

Ku gyara zama, masu karatu, yau asirin kaina zan tona, kuma ban yarda kowa ya tausaya min ba. Abin da na yi, da hankalina na yi shi, ido biyu, da tsakar rana, ina shan shayi.

Ga waɗanda yau suka fara leƙowa: shekaruna ashirin da tara, ni ce auta a gidanmu, ina aiki a wani kamfanin fassara, hawa na uku, a teburin da ke jikin na'urar buga takardu, wadda sai ta yi tari sau uku kafin ta fitar da shafi ɗaya. Ba na fassara ko kalma guda. Aikina rabon aiki ne. In kuma gaskiya za a bi, aikina shi ne in zauna ina kallon manhajar kwamfuta tana rabo, ni ina karɓar sannu da ƙoƙari.

Ga yadda abin yake. Muna da masu fassara arba'in da biyu, kowa yana aiki daga gidansa. Manhajar ta jera su tun daga na ɗaya har na ƙarshe, gwargwadon kyan aikin mutum da cika alkawarinsa. A gaban sunan kowa akwai ɗan akwati da aka rubuta yawan kalmomin da zai iya fassarawa a rana. In aiki ya shigo, manhaja ba ta shawara da kowa. Ta miƙa wa na ɗaya. In akwatinsa ya cika ta gangara kan na biyu, haka dai har ta sami mai sarari. Wanda aka miƙa wa yana da awa biyu ya danna "Na karɓa". In ya yi shiru, aiki ya wuce ga na bayansa, ba fushi, ba ban-haƙuri. Kowa ya san lambarsa, amma ba a gaya masa wa ke gabansa ko bayansa.

A makona na farko Manaja ta ce saƙon da ke raka tayin aiki ya cika bushewa, in ɗan sa masa gishiri. Ni kuwa sabuwar ma'aikaciya mai neman suna, na zuba gishiri har da sukari. Na rubuta: "Barka da aiki. Na duba jerin mutanenmu duka, na zaɓe ka musamman don wannan aikin, domin na san hannunka. Kana da awa biyu ka karɓa, in ba haka ba zai wuce ga na gaba." Na yi na maza, na yi na mata, na sa sunana a ƙasa. Shekara biyu ke nan manhaja tana tura wannan saƙon ga mutum arba'in da biyu, har da wani dattijo da ya girmi Baba. Ni na ma manta da shi. Ku kada ku manta, za mu dawo kansa.

A gida ma muna da manhaja, sunanta Mama. Nata jerin a ka yake, ba ya buƙatar wutar lantarki. Na ɗaya a wurinta Likitan Haƙori ne, ɗan aminiyarta. Mutumin kirki ne, ba zan yi masa sharri ba, sai dai ranar da ya fara zuwa gidanmu bakina ya yi ta kallo maimakon idona, da zai tafi kuma ya sanar da ni cewa da ɓangaren hagu nake tauna. Na biyu wani malamin makaranta ne da ke gyara min magana in ina yi. Na uku ban taɓa ganinsa ba, Mama ma hotonsa kawai ta gani, amma ta ce yana da goshin natsuwa.

Baba ba mai yawan magana ba ne. Tun da ya yi ritaya, falo ne ofishinsa, rediyo da agogon bango ne ma'aikatansa. Wata shida ina ce masa akwai wani, yana gyaɗa kai. Ranar Lahadin da ta wuce ya rage muryar rediyo, ya dube ni ta saman tabarau.

"Auta, wannan wanin naki yana da ƙafa?"

Na ce yana da ita, har biyu.

"To ya tako da su ran Asabar, ƙarfe huɗu. Ba zan yi miki dole ba, kin sani. Amma in bai zo ba, zan ce wa Likita ƙofa a buɗe take, kuma kada in sake jin kalmar wani a gidan nan."

Mama tana bakin kicin tana goge kofin da ya riga ya bushe tun ɗazu. Murmushin da ta yi, na san shi a fuskar Manaja in babban aiki ya shigo.

Yanzu bari in gabatar muku da wanin. A wayata sunansa Na Huɗu, domin a nan na same shi a jeri, akwatinsa ɗauke da kalma dubu biyu a rana. Abin da ya fara jan hankalina wani ɗan bayani ne da ya bari a ƙasan aikin littafin dutsen guga. Ya rubuta: "Shafi na tara ya ce kada a goge riga tana jikin mutum. Na fassara yadda yake, amma ina so a taimaka a gaya min wanda ya jawo aka rubuta wannan." Na yi dariya har na ƙware da shayi. Na kira shi wai zan yi tambaya kan shafi na sha biyu, alhali littafin shafi goma ne. Bai tona ni ba. Muryarsa a kwance take, irin ta mutumin da bai taɓa gudun mota ba.

Matsalar ita ce, na huɗu mai dubu biyu ba ya samun aiki sai abin da ya zubo daga na sama, kuma da ya karɓi ɗaya akwatinsa ya cika, sauran su wuce ga na biyar. Ba aiki, ba dalilin kira. Ni kuma 'yar gidan mutunci ce, ba zan kira namiji haka kawai in ce ya garin ba. Don haka wata Talata, bayan kowa ya fita cin abinci, na buɗe akwatinsa, na goge biyu, na rubuta takwas. Na ce wa zuciyata ai ban saci komai ba, ƙofa kawai na faɗaɗa. Kun ji mutunci.

Aiki ya dinga zuba masa kamar an fasa famfo. Littafin firji, takardar magani, sharuɗɗan haya, dokokin wurin iyo. Bai taɓa ƙin ko ɗaya ba, bai taɓa makara ba. Ni kuwa kullum da dalilin kira, wani lokaci sau biyu. Manhaja ta ga mutum mai cika alkawari, ta ɗaga shi na uku, ta ɗaga shi na biyu, wata na shida ya zama na ɗaya. Da ya tambaye ni wa ya ture, na ɗaga hanci na ce ba a bayyana jeri, dokar kamfani ce. Muka fara haɗuwa a shagon shayin da ke ƙasan ofis, teburin lungu mai ƙafa ɗaya gajera, yana tokare ta da takardar da ya ninke. Siriri ne, rigarsa kullum a goge, tabarau ɗinsa na zamewa yana turawa da ɗan yatsa. Na lura idanunsa suna ƙara ja wata bayan wata, yana hamma a tsakiyar labari. Wallahi na ɗauka so ne ke hana shi barci, har ina jin kaina.

Da na gaya masa sharaɗin Baba, bai ko yi jim ba. Ya ce ƙarfe huɗu saura biyar zai ƙwanƙwasa.

Ranar Juma'a na bar ofis da sha biyu, na tafi wurin tela. Doguwar riga ce ruwan zuma, an yi wa bakin hannu aiki da zare mai ƙyalli, tela ya matse ta a kugu har sai na riƙe numfashi kafin zik ya hau. A gida Mama ta sauke tsofaffin labule ta rataya masu ruwan toka da take ɓoyo, ta fito da kofunan da ba a taɓa sha da su ba, tana cewa ko bai zo ba ai ba asara, Likita ma yana shan shayi. Ina can ina gwada gyale uku a gaban madubi, ƙarfe biyun rana wani aiki ya shigo kamfani: kalma dubu sha shida, ana so ran Asabar ƙarfe shida na yamma. Kuma don Allah kada ku yi dariya, littafin haɗa kujerar likitan haƙori ne. Manhaja ta duba na ɗaya, ta ga dubu takwas a rana, ta ga kwana biyu, ta ce daidai wa daida. Ta tura masa da saƙona mai sukari. Cikin minti uku ya danna "Na karɓa".

Ban gani ba sai safiyar Asabar, ƙarfe tara, ina tsugune da tsumma ina goge ƙafafun kujerun falo, na ce bari in leƙa wayar aiki. Tsumman ya faɗi daga hannuna. Na shige ɗaki na rufe ƙofa na kira shi.

"Me ya sa ka karɓi wannan aikin?"

"Ke kika zaɓe ni, Auta."

"Yau fa Asabar ce."

"Na sani. Na ɗauka gwada ni kike yi, ki ga ko zan iya riƙe alkawari biyu a rana ɗaya."

Muryarsa ta dushe kamar wanda ya kwana a bakin titi. Na tambayi inda ya kai, ya ce dubu shida, yana kan yadda ake ɗaura fitilar da ke haska baki. Na ce ya ajiye, ya ce ba zai iya ba. Wata takwas bai taɓa mayar min da aiki ba, ba kuma zai fara a ranar da zai je gaban Baba ba. In ya yi sauri zai iya gamawa da shida, ya iso da bakwai, in taya shi ba Baba haƙuri. Bai san Baba ba. Mutumin da ke saita agogon bango da labaran rediyo ba ya sanin wani abu wai shi bakwai a madadin huɗu.

Sai ya ƙara da abin da ya kashe min jiki. Ya ce duk saƙonnin da na tura masa yana ajiye da su a wuri guda, ɗari da sha uku, in ya gaji sai ya buɗe ɗaya ya karanta inda na ce na san hannunsa.

Masu karatu, na zauna a bakin gado na dafe kai. Ashe ba ƙarfi ne da bawan Allah ba, kunyata yake ji. Ni ina nan ina taƙama na sami gwani mai dubu takwas, shi yana can yana kashe kansa don kada ya ce wa wasiƙar soyayya a'a. Wasiƙar da dattijon nan ma ya samu sau sittin.

Hanya ɗaya ce ta rage. Aikin da aka riga aka karɓa, Manaja kaɗai ke iya janye shi ta raba wa wasu. Kuma da zarar ta buɗe shafinsa za ta ga wanda ya taɓa akwatin, da rana, da minti. Na yi zagaye uku a ɗakin, na tuna tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka, na kira ta.

Ta saurare ni har ƙarshe, ina jin ƙarar cokali a kofi ta wayar. Sannan ta ce, "Dubu takwas. Mutum ne ko injin niƙa?" Na ce mutum ne, ranki ya daɗe. Ta ce shi ya sa matar nan ta biyar ta yi wata da watanni tana rubuto mata cewa aiki ya daina isowa gare ta, ita kuma tana ce mata kasuwa ce ta yi sanyi. Wannan ya shige ni fiye da duk zagin da na shirya sha, domin ko sau ɗaya ban taɓa tuna cewa ƙofar da na faɗaɗa wa wani, ta wata na toshe ba. Manaja ta ce za ta raba ragowar dubu goman tsakanin mutum uku, ta biyar ɗin a ciki, za ta mayar da akwatinsa dubu biyu, ni kuma ran Litinin in same ta kafin in ajiye jaka. Ta ƙara da cewa nan da minti goma manhaja za ta sanar da shi an janye aikin, gara ya ji daga bakina.

Na sake kiransa. Na fara da tari, kamar na'urar ofis.

"Saƙon nan da kake ajiyewa, ba ni nake turawa ba. Manhaja ce. Sau ɗaya na rubuta shi, shekara biyu da suka wuce."

Ya ce, "Duka?"

"Duka ɗari da sha ukun."

"Har da na san hannunka?"

"Kowa ana ce masa haka."

Na ji ya ture kujera. Tun da na riga na jiƙe, na ƙarasa wankan: na gaya masa zancen Talatar nan, da biyun da na mayar takwas, da dalilin da ya sa. Na gaya masa ina son sa tun daga dutsen guga, kuma tsoro ne ya hana ni faɗa sai na bi ta akwati. Ban taɓa jin kunya irin ta wannan minti ba.

"Wato wata takwas ba na barci don kina son jin muryata."

"Eh."

"Da kin kira kawai, Malama. Ina da waya."

Ya ce sai an jima, ya kashe. Malama. Rabon da ya kira ni haka tun zamanin shafi na sha biyu.

Daga nan rana ta ƙi tafiya. Na tura masa "Ka yi haƙuri", ya gani, bai amsa ba. Na tura "Za ka zo?", ya gani. Na rubuta wani dogo mai sakin layi huɗu, na karanta, na ga ya yi kama da saƙon kamfani, na goge. Ƙarfe uku na sa rigar ruwan zuma, na riƙe numfashi zik ya hau, na shafa kwalli hankalina na kan waya har ido ɗaya ya fi ɗaya girma. Mama ta jera kofuna a faranti, ta leƙo ta ce in bai zo ba kada in cire rigar, ta san mai son ruwan zuma. Baba yana kujerarsa, rediyo a kashe, abin da ban taɓa gani ba da rana. Agogon bango kawai ke magana a gidan.

Uku da rabi. Huɗu saura kwata. Na tsaya bayan sabon labule ina leƙen ƙofa ta ɗan tsagi, ina yi wa kaina lissafin rayuwa da mutumin da zai dinga duba min dasashi kafin karin kumallo.

Huɗu saura biyar aka ƙwanƙwasa.

Farar riga ce a jikinsa, gugar ta kwanta, idanun nan jajir kamar an zuba barkono. Ya gaida Baba da ladabi, ya gaida Mama har ta rasa abin kushewa sai ta ce siriri ne. Na kawo shayi, na ajiye a gabansa. Ya ce na gode, yana kallon kofin. Na koma bayan labulena na kasa kunne. Baba ya tambayi aikinsa, da iyayensa, da ko yana jin labaran ƙarfe biyar. Can ya tambaye shi yadda aka yi ya san 'yarsa.

"A wurin aiki ne, Baba. Ni dai na ɗauka ita ta zaɓe ni."

"Ashe ba ita ba ce?"

"Yau nake kan bincike."

Baba ya yi dariyar da rabona da ji tun bikin yayata. Minti arba'in suka yi, ya miƙe, ya yi sallama da kowa, ya wuce ta gaban labulen da ya san ina bayansa, domin yatsun ƙafata a waje suke, bai ko rage tafiya ba.

Baba ya kira ni. Ya ce yaron yana da ƙafa, kuma ya kwanta masa. Amma ya gaishe shi, ya sha shayi, ya tafi, bai nemi komai ba, shi kuma ba zai ba da abin da ba a nema ba. Mama ta ce ai shi ya sa ake jeri, ta ɗauki wayarta ta shige ɗaki tana ta kiran aminiyarta, layi yana ƙin shiga. Ni na koma nawa ɗakin, na zauna da rigar da ba ta barin mutum ya yi kuka yadda ya kamata.

Ƙarfe shida daidai, lokacin da ya kamata a miƙa littafin kujerar likitan haƙori, wayata ta yi ƙara. Na Huɗu.

"Barka da hutawa. Na duba jerin mutanena duka, na zaɓe ki musamman, domin na san halinki, har da wanda na sani yau. Aikin na tsawon rai ne, kuma ba a taɓa akwatin kowa a ɓoye. In kin yarda, gobe in dawo wurin Baba da maganar da ban yi ba. Kina da awa biyu ki karɓa, in ba haka ba zai wuce ga ta gaba."

Ina so in ce muku na ja aji. Ina so in ce na ajiye wayar, na cire gyale, na bar shi ya ɗanɗani awa ɗaya da minti hamsin da tara. Daƙiƙa sha ɗaya na yi. A tarihin kamfaninmu ba a taɓa danna "Na karɓa" da irin wannan saurin ba. Na ruga na ƙwace wayar Mama, layi ya shiga ke nan tana tsakiyar gaisuwa da aminiyarta, na dawo na faɗa kan gado ina dariya ina share kwalli, zik ya ce ɓarat, ban damu ba.

Sai na sake karanta saƙon don daɗi, a hankali, kalma bayan kalma, har na iso ukun ƙarshe. Na tashi zaune. Na rubuta masa: "Wace ce ta gaba?"

Ya gani. Ya fara rubutu, ya tsaya, ya sake farawa. Sannan amsa ta shigo.

"Ba a bayyana jeri, Auta. Dokar kamfani ce."

An bar Malama, an dawo Auta, na gode Allah. Amma ga ni nan zaune da yagaggen zik da biro a hannu, ina rubuta duk macen da ya taɓa ambata a gabana cikin wata takwas. Na kai ta bakwai, har da mai shagon shayi, wadda yanzu na tuna kullum kofinsa ya fi nawa cika.